Tarin Haladu a Waƙar Bajimi

Shekara goma sha biyu ke nan cif da muka ɗauki ƙanena Haladu daga gidanmu na Dogo Tebo muka kai shi makwancinsa. Ban taɓa rubuta masa ko layi ɗaya a jarida ba, don ni ba marubuci ba ne. Dillalin shanu ne ni, ɗan dillali, jikan fataken da suka taso daga Kano suka yada zango a Potiskum ba su sake tashi ba. Abin da ya sa na ɗauki biro bana ba kewa ba ce kawai. Akwai shaida a bakina, kuma duk waɗanda za su iya bayar da ita a yarda da su sun riga ni tafiya. In na bi su da ita a cikina, to an binne ƙanena sau biyu, kuma na biyun ni kaɗai na haƙa ramin.

Duk wanda ya taɓa hawa keke napep a garin nan ya san waƙar Bajimi, ko bai san sunanta ba. Ita ce wadda ake cewa:

Ba na hawa, ba na hawa,
Direba ja motarka.
Kudu da nisa, dusa a gida,
Ka gai da masu jiran ka.

Tana cikin wayoyin mutane, ana sa ta a gidan suna, mata suna rera wa 'ya'yansu in sun ƙi cin tuwo. In ka kasa kunne, bayan an ce "dusa a gida" za ka ji an yi tari sau biyu kafin a ci gaba. Yaran da ke rera ta a makaranta su ma sai sun yi tarin nan, sau biyu, su kwashe da dariya, don sun ɗauka cikin waƙar yake. Ni kuwa duk inda na ji shi sai na nemi wurin zama.

Waƙar daga wani fim ta fito, na 'yan tsana, irin waɗanda ake zura hannu a ciki ana motsa bakinsu, abin da tsofaffinmu ke ce wa dabo-dabo. Garba Tela, abokin Haladu tun suna yara, shi ya ɗinka su da ƙyallaye da tsofaffin safa da maɓallai, ya samo ƙahon gaske daga mahauta ya liƙa wa babban cikinsu. Labarin wani sa ne mai taurin kai, Bajimi, da ya ƙi hawa tirela zuwa Kudu, ya tsinke igiya ya ɓuya a gidan wani mai shayi, tare da wata akuya mai tsegumi da zakaran da yake ganin ba don shi ba gari ba zai waye ba. Fim ne da uba zai zauna ya kalla da 'ya'yansa da surukarsa ba wanda zai sunkuyar da kai. Amma ba labarin ne ya riƙe mutane ba, kiɗan ne. Waƙa bakwai ce a ciki, kuma duk bakwai ɗin Haladu ne ya yi su, daga kalmomi har ganga.

Sana'arsa gyaran rediyo. Gurmi kuwa a ɓoye ya koya, wurin wani tsoho Bakarkare da ke bayan layinmu, tun mahaifinmu yana raye. Da Garba ya zo masa da maganar fim, sai ya shiga wani aiki da a lokacin na ɗauka taɓin hankali ne. Duk ranar Laraba zai rufe shago ya shigo Kasuwar Shanu da rikoda a hammata, yana bin bayan dabbobi. Ya naɗi kukan sa, ya naɗi kukan maraƙin da aka raba da uwarsa, ya naɗi fiton Fulani da ihun masu lodi. In ya koma gida sai ya ɗaure tsirkiyar gurminsa daidai da kukan san nan, ya ce in dabba ce za ta yi waƙa, to da muryarta za a fara. Matarsa Saude da maƙwabtanta suka kifa ƙwarya a kan ruwa suka yi masa kiɗa, aka haɗa da sautin taɓarya a turmi. A amshin waƙar akuya kuwa ya sa layi ɗaya da Ngizimanci, ɗaya da Bolanci, ɗaya da Fulatanci, ya ce akuyar Potiskum ce, tsegumin kowane gida tana ji.

Abin da ya fi ba ni haushi a lokacin shi ne safar. Yana da wata tsohuwar safa mai ruwan ƙasa da ya ɗinka wa maɓalli biyu a matsayin ido. Zai zura hannunsa a ciki ya zauna a zaure yana buɗe baki yana rufewa, yana ƙirga gaɓoɓin waƙa da ita. Dalilinsa shi ne, 'yar tsana ba ta da huhu, hannun mutum ne numfashinta, kuma wuyan hannun Garba yana sagewa in layi ya yi tsawo. Shi ya sa duk waƙoƙin fim ɗin gajeru ne, gaɓa bakwai ko takwas a huta. Yau na ji wani a rediyo yana bayani da dogon Turanci cewa wai salon waƙoƙin yara ke nan na gargajiya. Gargajiyar ina? Ciwon hannun Garba Tela ne!

Tarin ma haka ya shiga. A shagon Garba suka naɗi waƙar da hantsi, sun rataye barguna a ƙofa don ƙarar acaɓa, lokacin kuwa acaɓa ce ta cika gari. Haladu ne ya ari muryar Bajimi. Yana tsakiyar rerawa tari ya sarƙe shi, Garba ya ce a sake, shi kuma ya ce, "Bar shi, ai Bajimi ne ya ƙware da dusa." Aka yi dariya aka bar shi. Ba wanda ya san tarin nan ya zo ke nan ba zai tafi ba sai da shi.

Yanzu bari in zo kan kaina, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A kasuwarmu dillali ba shi da jari sai sunansa. Bafulatani zai taso daga rugar da ko hanyarta ba ka sani ba, ya danƙa maka shanunsa ya koma gindin bishiya ya zauna, don kawai ya ji sunan gidanku a bakin ubansa. Mahaifinmu, Inuwa Mai Shanu, ya bar mana suna mai tsabta, kuma da ya rasu ni na zama babba a gidan. A tarbiyyar da muka taso da ita, mai kiɗa maroƙi ne, ko da me ya kaɗa, ko don wa ya kaɗa. Ana gaisawa da maroƙi, ana yi masa kyauta, amma ba a haife shi a gida irin namu.

Wata Laraba muna tsakiyar ciniki, wani abokin dillancina, Alhaji Ɗanjuma, ya hango Haladu durƙushe a gaban wani sa da rikodarsa. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, "Sabo, ashe gidan Inuwa an yi maroƙi? Amma naku ya fi na kowa, shanu yake yi wa roƙo!" Rumfa ta kwashe da dariya, har Fulanin da ba sa jin Hausa sosai sai da suka taya. Na yi dariyar nan tare da su, amma na tafi gida da maganar. Magana ɗaya ce ta wasa, daga bakin mutumin da kafin la'asar ya manta ya faɗe ta.

Da fim ya kusa fita sai na ji an ce za a jera sunayen waɗanda suka yi aiki a ƙarshensa. Na wuce shagon Garba ko sallama ban yi da kyau ba. Na tarar da su su biyu, Haladu da safarsa a hannu. Na ce sunan mahaifinmu ba zai hau faifai a ƙarƙashin kalmar kiɗa ba muddin ina numfashi. Garba ya ce to a rubuta Haladu kawai. Na ce Haladu nawa ne a Dogo Tebo masu gyaran rediyo? Garba ya fara roƙona, yana cewa wata shida mutumin nan ya yi bai huta ba. Haladu ya ɗaga masa hannu, ya zare safar a hankali ya sa a aljihu, ya ce, "To, Yaya." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Garba ya tambaye ni, cikin ɓacin rai, to me za su rubuta, don ba a barin wurin fili. Nan na kawo dabarar da har na yi kwanaki ina jin daɗin kaina a kanta. Na ce su yi yadda ake yi a masallaci in mutum ya kawo tabarma ba ya so a san shi. Shi ya sa har gobe, duk wanda ya kalli fim ɗin ya jira ƙarshensa zai ga an rubuta: Kiɗa da waƙa, wani bawan Allah. Na ɗauki al'adar da aka yi don mai kyauta ya ɓoye alherinsa da kansa, na mai da ita mayafin rufe kunyata. Mai tabarma shi ke zaɓar a ɓoye sunansa. Ƙanena ba a tambaye shi ba.

Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na sha faɗa masa karin maganar nan. Yau na gane wani babban ba abin da yake hangowa sai bakin mutanen rumfarsu.

Fim ya fita, gari ya ɗauka. Haladu yana zaune a shagonsa masu kawo gyara suna shigowa suna rera waƙarsa, suna tambayarsa ko ya kalla. Sai ya ce ya ji ana labari. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, bai fasa gaishe ni da safe a durƙushe ba, kuma da ya yi mini rashin kunya sau ɗaya da ya fi mini sauƙi. Tarin ya ci gaba, aka yi na asibiti aka yi na gida, ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Shekara biyu bayan fitar fim ɗin Allah ya karɓi abinsa, wata Alhamis bayan azahar. Ya bar Saude da 'ya ɗaya, Hajara, tana da shekara takwas.

Da a nan na tsaya da ma da sauƙi. Bayan sadakar bakwai aka buɗe ɗakinsa don a fitar da kaya, sai ga buhu cike da kaset-kaset, kowanne da rubutun hannunsa a jiki, da littafin da ya rubuta waƙoƙin da ajami, da gurmin a rataye. A shekarun can na rikici kowa ya san halin da garinmu yake ciki, mutane suna tsoron a ga kayan kiɗa a gidajensu. Na fake da wannan. Na ƙara da cewa kayan nan nauyi ne a kansa a kabari, gara mu rage masa. Dattawa suka gyaɗa kai suka ce Sabo ya yi tunani. Na kwashe su da hannuna na kai bayan gida na cinna musu wuta, Saude tana tsaye a bakin ƙofa cikin takaba, ba ta da bakin magana. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, ba kabarinsa nake ji ba, ba kuma tsoro ba ne ya fi yawa. So nake maganar ta mutu tare da shi. Safar kaɗai ta tsira, don tana cikin aljihun rigarsa, an ɗauka safa ce kawai.

Wani lokaci nakan zauna in ce, da Haladu zai leƙo Potiskum ta yau, me zai ce? Zai tarar babu acaɓa, keke napep ta maye gurbinta, kuma cikin kowace uku ɗaya tana tafe da muryarsa. Zai tarar wani yaro a can wani gari ya ɗauki waƙar ya ɗora mata gangar kwamfuta, ya manna sunansa da hotonsa da baƙin tabarau, ana ta yaba masa basira. Ko tarin bai cire ba, don shi ma ya ɗauka ado ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Zai kuma tarar gidajen da suka fi kowa ƙyamar maroƙa yanzu su ke gayyato masu fiyano ranar biki, a kira sunan kakanninsu a lasifika suna ɗaga hannu. Wanda ɗansa ya yi waƙa ɗaya ta shiga waya, sai ka ji yana cewa yaron nan Allah ya yi masa baiwa. Kunyar da na yanka ƙanena a kanta, ko shekara goma ba ta ƙara a duniya ba.

Na san shi, ba zai yi fushi ba. Zai tsaya ya saurari na yaron nan har ƙarshe, ya ce ganga ta yi sauri, hannun Garba ba zai iya bi ba. Fushin nawa ne, kuma ban san inda zan kai shi ba, don duk inda na juya ni nake gani a tsaye.

Kwanakin baya a kasuwa wayar Alhaji Ɗanjuma ta yi ƙara a aljihunsa, sai ga Bajimi yana cewa ba ya hawa. Shi dai mutumin nan, da bakinsa da komai. Na ce, "Alhaji, ka san wanda ya yi waƙar nan?" Ya ce wa ya sani, irin waƙoƙin da ne. Na ce Haladu ne, ƙanena, wanda ka ce yana yi wa shanu roƙo. Ya dube ni kamar na zare, ya ce, "Haba Sabo, tsufa ya fara taɓa ka? Wannan ai tun muna yara muke jin ta." Waƙar da ba ta kai shekara goma sha biyar ba! Zancen roƙon shanu kuwa ya rantse bai tuna ya taɓa faɗa ba, kuma na yarda da shi.

Amma ba shi ya sa ni rubutun nan ba. Hajara ce. Ta girma, tana koyon aikin malanta, an tura ta gwaji wata firamare a wajen Damagum. Ranar nan ta dawo ta same ni a zaure bayan la'asar, ta gaishe ni ta ƙi tashi. Ta ce 'yan ajinta suna shirin wasan ƙarshen zango da waƙar Bajimi, sai ta ce musu mahaifinta ne ya yi ta. Yara suka kai wa shugabar makaranta labari. Shugabar ta kira ta gaban sauran malamai ta ce ba kyau malama ta fara aiki da yi wa yara ƙarya, ta buɗe fim ɗin a waya ta nuna mata ƙarshensa. Hajara ta ciro safar nan daga jakarta, wadda uwarta ta ba ta, ta ce musu da wannan mahaifinta ya ƙirga waƙar. Suka yi mata dariya.

Ba ta yi kuka a gabana ba, irin ubanta ce. Ta ce, "Baffa, ba inda aka rubuta? Ko a takarda ɗaya?"

Na shiga lissafin masu shaida. Garba Tela ya rasu shekara uku bayan abokinsa. Tsohon da ya koya masa gurmi ya daɗe a ƙasa. Saude tana raye, amma wa zai karɓi shaidar mace a kan mijinta da 'yarta a irin wannan gardama? Littafin da zai raba gardamar ni na san inda tokarsa ta kwanta, don a wurin muke ɗaure tumaki yanzu. Na ce mata akwai, da can akwai, ni na ƙone. Na faɗa mata komai, tun daga rumfar kasuwa har bayan gida. Ta mai da safar cikin jaka ta ce, "To, Baffa." Wallahi da ta zage ni da na gode mata.

Na san abin da wasu za su ce, ihu bayan hari. Gaskiyarsu. Da-na-sani ƙeya ce, kuma rubutun jarida ba ya mai da toka littafi. Ban rubuta don a yafe mini ba, wanda zai yafe ɗin ba ya nan, kuma na san da yana nan da tuni ya ce ba komai, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na rubuta ne don yarinyar nan ta samu takarda ɗaya, ɗaya tak, da za ta ninke ta sa a jaka kusa da safar, ta ajiye a teburin duk wanda ya ce mata maƙaryaciya.

In na auna abin da ya rage na ƙanena, ba shi da yawa. Shagonsa yanzu ana cajin waya a ciki. Kabarinsa sai da na yi da gaske na gane shi bara, don ruwa ya shafe alamar. Ba hoton da ya ɗauka da gurmi, don ya san ba zan so ba. Abin da ya saura waƙa bakwai ne da kowa ya mallaka ban da 'yarsa, da safa mai ido biyu, da tari. Na goge sunansa daga faifai, na ƙone rubutun hannunsa, amma tarin nan ya fi ƙarfina. Shi kaɗai ne sa hannun da ban iya kankarewa ba, kuma ciwon da ya kashe shi ne.

Saboda haka ga shaidata, ni Sabo, babban ɗan Inuwa Mai Shanu, da hankalina da bakina. Bawan Allahn nan da aka rubuta a ƙarshen fim ɗin Bajimi yana da suna, yana da uba, yana da gida a Dogo Tebo. Sunansa Haladu Inuwa Mai Shanu. Makaɗi ne, ɗan gidanmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma a duk zuriyar Inuwa ba wanda ya bar wa garin nan abin da ya kai nasa.

Ba na roƙon kowa ya daina dariya in waƙar ta zo, don dariya ya yi ta. Amma in an ce "dusa a gida" kuka ji tarin nan sau biyu, ku sani ba Bajimi ba ne. Ku ce Allah ya jiƙan Haladu, ku faɗi sunan da ƙarfi. Ni shekara goma sha huɗu na hana a faɗe shi.